Dan Allah wa ya san yadda ake gane shekarun tsohuwar jita?

Nura: Salamu alaikum jama'a, dan Allah ku taimaka min, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Kawuna ƙanin mahaifiyata ya rasu bayan ƙaramar salla, shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare ya kawo ni nan Agege, a ɗakinsa na girma har na yi aure, kuma ni na yi jinyarsa wata bakwai don 'ya'yansa duk suna Kano. Ya yi gadi a tashar jirgin ruwa ta Apapa shekaru masu yawa. To cikin kayan da ya bari akwai tsohuwar jita Yamaha da take rataye bayan ƙofa cikin buhu, tun ina yaro nake ganinta, wani lokaci bayan isha'i ya sauko da ita ya ɗan taɓa a hankali don kada maƙwabta su ji. Shi dai abin da ya sha faɗa min, ya saye ta ne a 1975 hannun wani ma'aikacin jirgi, lokacin da jiragen siminti suka cika bakin teku wata da watanni ba a sauke su ba, mutanen ciki guzurinsu ya ƙare suna sayar da kayansu. Amma Inna matarsa ta ce ina, lokacin bikin al'adu na FESTAC ne a 1977, don tana da cikin Yaya Auwalu ya shigo da ita. Yanzu wani mai haɗa kiɗa daga Surulere ya taya 180,000 zai zo ranar Asabar, shi kuma Yaya Auwalu ya kira ni ya ce an gaya masa irin waɗannan miliyoyi suke yi, maganar da ya yi min kamar ina so in ci dukiyar magada. Wallahi abin ya ƙona min rai. A cikin ramin jitar akwai jar takarda kyankyasai sun cinye rabinta, FG kawai nake iya karantawa. Ta yaya zan san shekarar da aka yi ta?

Baba Iliya: Allah ya jiƙan kawunka. Ɗana ka kwantar da hankalinka ka saurare ni, na fi shekara ashirin ina gyaran jita a Obalende. Maganar 1975 ko 1977 ka ajiye ta gefe, wannan ranar saye ce ba ranar ƙira ba. Yamaha sun fara fitar da samfurin FG a 1966 a Japan, lokacin sunan kamfanin Nippon Gakki, sai a 1987 ya koma Yamaha. Masu jar takarda na Japan daga ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa wajen 1972, su masu saye suke nema. Amma jar takarda kaɗai ba hujja ba ce, don da suka koma yi a Taiwan an fitar da wasu da jar takardar su ma. Ka duba ragowar takardar ko akwai Nippon Gakki. Sannan ka haska tocila cikin ramin ta wajen wuya, ka nemo lamba a jikin katakon da wuya ya zauna a kai ko a sandar da ta gitta a ƙarƙashin fuskar. Ka ƙirga min lambobin guda nawa ne.

Nura: Na gode Baba. Na haska, bakwai nake gani amma a farko akwai wani dishi-dishi kamar wata lamba ce ta goge, ko kuma datti ne. Sunan nan da ka ce wurin ne daidai aka cinye.

Baba Iliya: To nan gizo yake saƙa. In takwas ne, ta farko ita ce shekara, biyu na biye wata, biyu rana, ukun ƙarshe lissafin wadda aka yi a ranar, kuma tsarin yana maimaita kansa duk shekara goma, wato 3 tana iya zama 1973 ko 1983. In bakwai ne da gaske to jeri ne kawai, ba kwanan wata a ciki. Abin da zai raba gardama, ka sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya ka zura ƙaramin madubi da tocila ka bi jikin katakon gefe ta ciki, na Japan na wancan lokacin sukan zo da hatimin tawada na kwanan wata da lissafin sarautar sarkinsu, Showa. Ka ga 45 a farko sai ka ƙara 1925, ya ba ka 1970. Turo hoto kuma.

Sagir Mile 12: Ni shawarata ka karɓi kuɗin nan ranar Asabar ka huta. Haka aka yi mana da keken ɗinkin kakarmu, kowa ya ce tsohon kaya ne a jira Turawa, shekara huɗu yana ajiye ruwa ya shiga ɗakin da damina ya yi tsatsa, ƙarshe 'yan gwangwan muka ba wa a kilo, har yau ni ake zagi a gidanmu alhali ba ni na ce a jira ba. Danshin garin nan ba ya barin katako.

Hajiya Rabi: Nura ƙanena, kafin maganar shekaru, ka tambayi malamai hukuncin sa kuɗin kayan kiɗa cikin gado tukuna? Kuma kada ka sayar kai kaɗai ko nawa ne, ka sa Auwalu a waya yana ji ana ciniki, ga shaidu biyu. Ni da mijina ya rasu 'yan uwansa har tabarmar salla sai da suka ƙirga, wanda ya yi jinya shi ake fara tuhuma, na ga wannan da idona.

Nura: Hajiya gaskiya ne amma Inna ce da kanta ta ce in sayar, kuɗin haya ya taso mata. Baba hoton ba zai nuna komai ba don kyamarar wayata ta fashe, kuma tsirkiyoyin sababbi ne satin da ya wuce na sa, ina tsoron in kwance su wuyan ya motsa kafin mutumin ya zo. Dama na riga na kai ta wurin kafinta ya goge fuskar da samfefa ya shafa mata folish, kunnuwan murɗa tsirkiya ma na canza don biyu sun karye.

Baba Iliya: Innalillahi. Ɗana me ya kai ka? Fentin asali shi ne rabin darajar tsohuwar jita, yadda ya dafe ya yi ruwan zuma da 'yan tsage-tsagen nan na tsufa, da su muke gane shekaru ko babu takarda. Kunnuwan ma shaida ne. Ina tsofaffin, ka zubar? Kuma kwance tsirkiya na awa ɗaya ba ya yi wa wuya komai, kullum muke yi.

Nura: Baba da ka ga yadda take da ba ka ce haka ba, hayaƙin risho ya mayar da ita baƙa ƙirin, ga kashin kyankyasai, ba wanda zai taya ta a haka. Ni gyara na yi da kuɗin aljihuna 14,000 ban kuma sa a lissafin magada ba. Kunnuwan suna wurin kafintan in bai share shago ba.

Musbahu: Ni ban yarda duka laifin Nura ba ne, kuma Baba ka yi haƙuri, takarda da hatimi duk ana iya buga na bogi. An taɓa sayar min da wata a kasuwa da takarda tsaf a ciki, ashe manna ta aka yi. Wanda ya taya 180,000 bai ga takardar kirki ba ai ya san abin da ya gani, ka ce masa 300,000 ka ga yadda fuskarsa za ta yi, nan za ka san shekarunta.

Baba Iliya: Musbahu wannan caca ce ba sani ba. Wa zai zura hannu cikin jitar da take rataye a Agege tun zamanin soja ya buga mata hatimin bogi? Kuma a gaya wa Auwalu, masu miliyoyin nan irin su Martin da Gibson na Amurka ne na da can, Yamaha FG jita ce ta masu ƙaramin ƙarfi tun asali, mai daɗin sauti dai. Nura ka hau mota ka kawo min ita gobe, minti goma ya ishe ni, ba zan karɓi ko sisi ba.

Nura: Gobe ina da aiki har dare Baba, kuma shiga da ita danfo zuwa Obalende ina tsoron a fasa ta. Yanzu ma Yaya Auwalu ya sake kira ya ce kada a taɓa komai sai ya zo bayan babbar salla, Inna kuma tana kuka mai gidan haya ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Madubin da ka ce, na jakar mata zai shiga ramin kuwa?

Sagir Mile 12: Ka sayar kawai malam.