Wane suna za mu ba "blues" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina rubutu kan Clarksdale, ƙaramin gari a jihar Mississippi ta Amurka mai mutane kusan dubu 15, sai kalmar "blues" ta tsaya min a wuya, wato sunan wani salon kiɗa da waƙa na baƙaƙen fatan Amurka.

A garin nan aka haifi mawaƙa Sam Cooke da Ike Turner, duk a 1931. Muddy Waters kuwa, shahararren mawaƙin blues, a gonar audugar Stovall da ke gefen garin ya tashi, yana tuƙa tarakta. A 1941 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya je har bukkarsa ya naɗi muryarsa, a 1943 Muddy ya hau jirgin ƙasa zuwa Chicago, can ya jona jitarsa da lantarki. Kiɗan da baƙaƙen fatan nan suka bar wa duniya ya cancanci suna a bakinmu.

In muka rubuta yadda ake furtawa, "bulus" zai fito. Wannan kam a'a. Bulus a wurinmu abin da aka samu a ɓagas ne, alhali mutanen nan shekara guda suke yi suna noma da tsinkar auduga, kaka ta yi mai gona ya buɗe littafi ya ce har yanzu yana bin su bashi.

"Waƙar baƙin ciki" fa? Rabin zancen ke nan, ga shi kunne na iya karkata wajen hassada. "Makoki" ma bai dace ba, don ba a gidan mutuwa ake yin sa ba. Daren Asabar ake yi, a ɗakin katako a bakin gona, ana soya kifi ana rawa, mawaƙi yana faɗin matar da ta yi yaji ko ambaliyar kogin Mississippi ta 1927, masu saurare suna amsa masa. "Bege" kuwa mu bar wa masu yabon Annabi (SAW).

Shawarata: kiɗan huce-takaici. Takaici shi ne a cuce ka, kana ji kana gani, ba halin ramawa, kuma haka rayuwa take a da ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata. Kiɗan shi ke sanyaya zuciya.

Ya ɗan yi tsawo, amma ku ji shi a jimla: "A 1979 aka kafa gidan tarihin kiɗan huce-takaici a Clarksdale."

Sakkwatawa da Damagarawa, ya zauna a bakinku?