Shawarwari kan raba intanet tsakanin kwamfutoci

Yawancin waɗanda suka tattauna yadda za a raba layin intanet ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa sun amince cewa kwamfutar da ke haɗe da modem ita za a saka wa manhajar firoksi (wadda sauran kwamfutocin za su bi ta cikinta su shiga intanet), kamar Squid a Linux ko CCProxy a Windows, sannan a ba ta tsayayyen adireshi irin 192.168.0.1 domin kada sauran su riƙa laluben ta. A kowace kwamfuta kuwa, sai a shigar da wannan adireshi cikin saitin burauza tare da lambar tasha (port, ƙofar da manhajar ke karɓar buƙatu ta cikinta), wato 3128 ga Squid ko 808 ga CCProxy. An ja kunne sosai kan taƙaita shiga firoksin ga na'urorin cikin gida kaɗai, domin firoksin da aka bari a buɗe baƙi ne ke cinye datarsa. Adana kwafin shafuka a cikin firoksin kuma ba ya rage kashe kuɗi kamar da, tunda yawancinsu yanzu sun koma HTTPS, tsarin ɓoye bayanai da ke hana firoksi ganin abin da shafi ya ƙunsa.