Muhawara: Ƙarin Ninkawa Ko Ƙarin Tarawa, Wanne Ya Fi Ƙara Ƙarfin Duka?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare mun yi gardama da ƙanena a kan wasan kwamfuta na Path of Exile, wanda kamfanin Grinding Gear Games na ƙasar Niyuzilan ya fitar a 2013. Ya samu zaɓi biyu, ɗaya yana ƙara ɓarnar da duka yake yi da kashi 40 cikin ɗari da kalmar "increased", wato ƙarin da ake tarawa da sauran irinsa, ɗayan kuma kashi 20 da kalmar "more", wato ƙarin da ake ninka jimilla da shi, sai ya ɗauki na 40 saboda lambarsa ta fi girma. Ni kuwa matsayina shi ne, ƙarin da ake ninkawa ya fi wanda ake tarawa a kowane hali, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai fahimci wasan ba.

Malamin Lissafi, Samaru: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kalmar "a kowane hali" ce ta kayar da kai. A ce dukan jaruminka na asali maki 100 ne, kuma bai tara komai ba tukuna. Kashi 40 na tarawa zai kai shi 140, alhali kashi 20 na ninkawa zai tsaya a 120, don haka a nan ƙanenka ne da gaskiya. Amma idan jarumin ya riga ya tara kashi 300, dukansa ya zama 400, to sabon kashi 40 zai kai shi 440 ne kawai, na ninkawa kuma zai kai shi 480. Wurin da biyun suke yin kunnen doki shi ne lokacin da abin da aka tara ya kai kashi 100 daidai, domin kowannensu 240 zai bayar.

Ɗan Tudun Wada: Malam, na ji lissafin, amma wa yake zama a farkon wasa? Kafin mutum ya kai ga manyan dodanni ya wuce kashi 100 nesa ba kusa ba, saboda haka a aikace maganata tana nan daram.

'Yar Kongo: Yaya, ka sauya magana ke nan, domin da fari "kowane hali" ka ce. Ni abin da nake so a gyara shi ne yadda ake cewa ƙarin tarawa yana raguwa. Ba ya raguwa ko kaɗan, maki 40 yake ƙarawa a farko, maki 40 yake ƙarawa a ƙarshe. Abin da ya ƙaru shi ne tulin da ake auna shi da shi. Mudu ɗaya a cikin kwano abin gani ne, amma a zuba shi cikin buhu a ga ko wani zai lura.

Ɗan Kasuwa, Sabon Gari: Ni da hatsi na gane abin. Idan buhun masara ya taso daga Giwa ya bi hannun mutum uku, kowanne ya ɗora ribar kashi 20 a kan farashin da shi ya saya, abin da aka sayo 100 zai iso mana a 172.8. Da a ce dukansu a kan farashin manomi suke ɗorawa, da 160 zai tsaya. Sai dai, Malam, akwai abin da alƙalaminka bai kama ba: ƙarin ninkawa sau da yawa yana zuwa da sharaɗi ko da farashi. A wannan wasan, duwatsun tallafi da suke ba da shi, wato waɗanda ake sakawa a kayan yaƙi don ƙarfafa duka, sukan ƙara yawan "mana", wato kuzarin da kowane duka yake ci, kuma na sha ganin jarumina ya tsaya cik a gaban dodo, ina danna maɓalli babu abin da yake fita.

Malamin Lissafi, Samaru: Wannan gyara ne mai kyau, Alhaji. Idan sharaɗin yana cika a rabin dukan da kake yi ne kawai, to kashi 20 ɗin ya koma 10 a matsakaici. Su kansu masu yin wasannin suna fama da wannan. Wani wasan irinsa, Diablo IV, ya fito a Yunin 2023, kuma da yake ɓarnar da ake yi wa maƙiyi mai rauni ninkawa take yi ita kaɗai, kusan kowa ya koma farautarta, har kamfanin Blizzard da ya yi wasan ya sauya tsarin a Oktoban shekarar, ya bar kashi 20 na asali a matsayin ninkawa, ya mai da abin da kayan yaƙi suke ƙarawa cikin tulin tarawa.

Ɗan Tudun Wada: To ai wannan hujjata ce, Malam, tunda da bai fi ƙarfi ba da ba a rage masa kaifi ba.

'Yar Kongo: Hujja ce ga jarumin da ya riga ya tara da yawa, Yaya. Ka tambayi ƙanen naka nawa ya tara kafin ya yi zaɓin, ka turo mana lambar, domin idan ba ta kai 100 ba, kai ne za ka ba shi haƙuri.