Godiya na yi ko fahariya? Addu'ata ta kori wata daga zumunta

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da ya tsaya min a rai sati uku ke nan ko barcin kirki ba na yi. Ranar Talata a taron zumuntar mata aka ce in rufe da addu'a, to a satin ne babbar 'yata ta gama karatun nas, zuciyata cike da murna, sai na buɗe baki na ce Ubangiji na gode maka da ka tsare min 'ya'yana, ba su shiga shaye-shaye ba, ba wadda ta kwaso min abin kunya gida kamar yadda muke gani a zamanin nan. Mata suka ce amin da ƙarfi. Ina buɗe ido sai ga wata 'yar'uwa a bencin gabana ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ita ce wadda 'yarta ta yi ciki ba aure kuma ikilisiya ta sa yarinyar a horo, kowa ya sani nima na sani, Allah ya ga zuciyata ban yi don ita ba amma kuma ba zan ce ban san tana wurin ba. Tun ranar ba ta sake zuwa zumunta ba, sujadar Lahadi ma a baya take zama ta fice kafin a sa albarka.

Tambayata, laifi ne mutum ya gode wa Allah kan abin da ya tsare shi? Ina godiya take ƙarewa girman kai ya fara?

Dattijon Ikilisiya:
'Yata, buɗe Luka 18 daga aya 9 zuwa 14, misalin da Yesu ya bayar na mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a, ɗaya Bafarisiye mai tsananta bin Shari'a, ɗaya mai karɓar haraji. Abin da mutane ba su cika lura ba, Bafarisiyen nan bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce yana azumi sau biyu a mako, alhali Shari'ar Musa azumin Ranar Kafara ta ɗora wa kowa, sau ɗaya a shekara, kin ga ya wuce abin da aka nema nesa ba kusa ba. Yana fid da zakka daga duk abin da ya samu. Irin mutumin da mu dattawa za mu ce a ba shi ma'ajin coci ne gobe da safe. Kuma da godiya ya fara, kamar ke. Inda ya zame shi ne da ya ce shi ba kamar sauran mutane ba ne, har ya nuna mai karɓar harajin da ke tsaye can. Godiyarsa ba ta iya tsayuwa da ƙafarta sai ta taka kan wani. Shi kuwa ɗayan ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana cewa Allah ya yi masa jinƙai shi mai zunubi, Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah.

Da kin ce na gode 'yata ta gama karatu kin tsaya nan, da ba komai. Kalmar "kamar yadda muke gani" ɗin nan ita ce ƙayar. Ni ma na taɓa yin irinta a kan bagadi ina saurayi, shi ya sa na gane ta da wuri.

Ɗan Sabon Rai:
Baba ina girmama maganarku amma ni ina tsoron kada Mama ta koma ta kasa buɗe baki a gaban Allah gaba ɗaya. Mu matasa mun tashi muna jin addu'a iri biyu, wasu kullum ni tsutsa ne ni ba komai ba ne har mutum ya ji kamar Allah yana jiransa da bulala, wasu kuma ihu ne da ba Allah umarni kamar yaron gidansu, dole ka yi min kaza kafin ƙarshen wata tunda na ba da baiko. Ibraniyawa 4:16 ta ce mu matso kursiyin alheri gabagaɗi, amma ku duba dalilin, don mu sami jinƙai ne. Bartimawas makaho a hanyar Yariko da aka ce ya yi shiru ƙara ɗaga murya ya yi, kuma abin da yake ihu a kai Ɗan Dawuda ka ji tausayina ne. Ke nan ɗaga murya ba shi ne girman kai ba. Mama ki ci gaba da ba da shaidarki don Allah.

Mai Rosari:
Ni 'yar Katolika ce, mu sujadarmu ta Mas da neman gafara take farawa, kafin a karanta komai mutum zai bugi ƙirjinsa ya ce laifinsa ne, sannan mu roƙi Ubangiji ya ji tausayinmu. Ina yarinya baki kawai ke faɗa. Sai da ƙanena ya shiga shan kwayoyi, muka yi shekara biyu muna yawon nemansa tasha-tasha, sannan na san nauyin kalmar. Gidanmu ba a fashin addu'ar safe, iyayenmu sun yi iya yinsu, duk da haka ya faru. Shi ya sa in na ji uwa tana lissafa abin da 'ya'yanta ba su yi ba sai gabana ya faɗi, ba don haushi ba, don na san ba wayonta ba ne. 1 Korantiyawa 4:7 ta yi tambaya, me kake da shi da ba ba ka aka yi ba?

Kaka Mai Waƙa:
Ke yarinya duk wannan dogon bayani ya isa haka. Matiyu 5:23 da 24, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ajiye shi ka je ku shirya tukuna. Sati uku kina juyi a gado ita kuma tana can da 'yarta mai ciki ba mai leƙa su. Ɗauki mayafinki ki je. Kada ki je da wa'azi, kada ki ce "in na ɓata miki", ki ce na ɓata miki.

Maman Biyu:
Na gode muku duka, Kaka na ji kuma na je jiya da yamma. Na tarar tana tankaɗe a tsakar gida, ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa, na faɗi abin da ya kawo ni muryata na rawa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce abin da ya fi mata ciwo ba maganata ba ce, amin ɗin da mata suka amsa ne, don a cikinsu akwai waɗanda suka yi goyon yarinyar. Na rasa abin cewa. Na so in yi addu'a bakina ya ƙi, sai ita ta ɗauko Littafi ta karanta Zabura 51 tun daga farko har wurin karyayyar zuciya, yarinyar tana jinmu daga ɗaki ba ta fito ba. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa ta ce ranar Alhamis za su je awo asibiti, in ina da hali in zo mu tafi tare. Na ce ƙarfe bakwai ina ƙofar gidan.