Phrasal verbs sun sa na yi asarar kuɗin mota, a taimaka min

'Yar Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Turanci ku zo ku cece ni. Ranar Juma'a oga ya turo saƙo a gurup ɗin ofis wai "Saturday's meeting has been called off", ni kuwa ina ganin called na ce to an kira mitin kenan, asabar da sassafe na yi wanka na hau mota tun daga Kubwa har Wuse, ina zuwa maigadi ya kalle ni ya ce Hajiya ai an soke. Wlh kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ci Turanci a WAEC fa, rubutu ba ya ba ni wahala, amma waɗannan phrasal verbs, wato aikatau mai haɗe da ƙaramar kalma irin su put off, put up, put on, call off, sun hana ni sakat. Haddace su ake yi ko akwai wata dabara?

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, abin da ke ruɗa ki muna da shi a Hausa, ba ki lura ba ne saboda da shi kika tashi. Ɗauki "ci" kawai. Ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, ci kasuwa, ci mutunci, ci gaba. Wanne aka sa a baki aka tauna? Ko "kashe", a kashe wuta a kashe kuɗi a kashe aure. Baturen da ya haddace cewa ci shi ne eat, ranar da aka ce masa wane ya ci amanar wane sai ya tsaya yana neman kwano. Kuskuren da kika yi kenan, kin tsinci called kin yar da off. Ki riƙa ɗaukar su dunƙule kamar kalma ɗaya: call off soke abu ne gaba ɗaya, put off kuma ɗagewa zuwa wani lokaci, da oganki put off ya rubuta da mitin na nan sai dai an canza rana. Put up with haƙuri ne da abin da ba kya so, kamar yadda muke put up with zafin Afrilu ba wuta. Kuma kada ki haddace jerin "put" guda 20 a zama ɗaya, cakuɗewa za su yi a kanki, na ga haka a ɗalibaina ba sau ɗaya ba. Bi su ta harka. Na ofis yau: call off, put off, fill in, hand in, follow up. Na waya gobe: pick up, hang up, call back, da run out of, wato abu ya ƙare miki, irin "I've run out of data".

Ɗan Maraɗi:
Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ya fi cin mu, don babu irinsu a Faransanci. Ni dabarata gudu ce haha, in na so cewa carry on sai in ce continue, put up with in ce tolerate, tunda sun yi kama da continuer da tolérer. Ana gane ni sarai. Matsalar in Turawa ne ke magana, ba wanda zai ce maka tolerate a hira.

Injiniya_Bichi:
Malam a gafarce ni amma ni haddar ce ta fisshe ni, biyar kullum bayan asuba a ɗan littafi, kowanne da jimla ɗaya a kan rayuwata. Abin da nake so in ƙara shi ne Turancinmu na Najeriya ma na da laifi, mun saba da "off the light" da "put off the fan", alhali turn off ko switch off ne. Sannan "I will drop here" a mota, su get off suke cewa in bas ce ko jirgi ko babur, get out in ƙaramar mota ce ko tasi. Da kuma inda ake sa it, "pick it up" ne ba "pick up it" ba, "turn it off" ba "turn off it" ba, amma look after ba ya rabuwa, "look after him" ne dole. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet kyauta ne, ki rubuta duka biyun tare ba put kaɗai ba, zai ba ki misalai.

'Yar Kubwa:
Kai Malam wannan misali na ci amana ya buɗe min kai wlh, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Injiniya na gode, "off the light" kam har yau da safe na faɗa wa ƙanwata. To bari in gwada: I look forward to see you on Monday. Daidai?

Malam Na-Zazzau:
Amin 'yata. Saura ƙiris, "look forward to seeing you" ne, wannan to ɗin suna (noun) ne ke bin sa ko kalma mai -ing. Gyara kafin ki tura wa oga.