Ƙarancin bitamin D yana jawo ƙarin mahaifa?

Ummi: Assalamu alaikum. Don Allah masana, da gaske ne macen da ba ta daina al'ada ba, in bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, ta fi saurin samun ƙari a mahaifa? Shan sa yana narkar da ƙarin?

Anti Rabi: Wa'alaikissalam ƙanwata. An lura masu ƙarin sun fi yawan ƙarancinsa, kuma a ɗakin gwaji bitamin D na rage saurin ninkuwar ƙwayoyin ƙarin. Amma ainihin abin da ke ciyar da ƙarin shi ne sinadaran jikin mace da ake kira istirojin da furojestaron, shi ya sa yake motsewa bayan al'ada ta ɗauke. Fata mai duhu kuma ba ta saurin haɗa bitamin D daga rana.

Malam Bashir: Malama Ummi, a fara da gwajin jini na 25(OH)D, wanda ke auna yawan bitamin D a jiki. Ƙasa da 20 ng/ml ƙaranci ne. In an sami ƙaranci, likita kan rubuta bitamin D 50,000 IU (IU ma'aunin bitamin ne) sau ɗaya a mako har mako 8, sannan a sake aunawa. Bukatar yau da kullum 600 IU ce. Kada a wuce 4,000 IU a rana babu likita, domin yana taruwa a jiki, kalsiyam ya hau, a kamu da tsakuwar ƙoda.

Anti Rabi: Narkarwa kam a'a, kada a dogara da shi. In jini na zuba da gudaji, ana sauya audugar mata duk awa, a yi hoton mahaifa a auna yawan jini.