Shawarwarin masu lambu kan shuka Clethra mai ganye dabbare-dabbare

Masu lambu a gabashin Amurka, inda Clethra alnifolia, wata ƙaramar bishiya mai fure, ta samo asali, bakinsu ya zo ɗaya kan ruwa: kada a bari ƙasarta ta bushe. A gwada da yatsa. In babu danshi, a ba ta ruwa, a lulluɓe gindinta da busasshen ganyen bishiyar fir. Tana son ƙasa mai tsami, don haka a nisanta ta da toka.

Inuwa ba ta dame ta, amma hasken safiya yana ƙara mata fure. A Yuli da Agusta fararen furanninta ke buɗewa, ƙamshi ya cika lambu, ƙudan zuma su yi dafifi.

Abin da ya fi burge ni: nau'in Creel's Calico, wato mai ganye dabbare-dabbare, in ya fitar da reshe kore zalla, a datse shi nan take, kada ya rinjayi sauran.